Jan Zobe da Idon Baba

A shekarun da kuɗin mai suka yi wa Abuja yawa har gwamnati ta rasa inda za ta kai su, aka saya wa ma'aikatarmu kwamfutoci. Kowane tebur sai da ya samu, har teburin wani bawan Allah da ya daɗe da yin ritaya ba a cire sunansa daga ƙofa ba. Aka ja mana intanet. Aikin da muke yi bai ƙaru ba, gaskiya, amma musu ya ƙaru. Da a kan ƙwallo da siyasa ake tada jijiyar wuya, sai ga sabon abin faɗa ya shigo: wace burauza ce ta fi. Burauza dai ita ce manhajar da mutum ke buɗewa ya shiga intanet, ƙofa ce kawai, amma a benenmu an yi gaba a kanta fiye da yadda aka yi a kan ƙarin girma.

Ba ma kiransu da sunayensu na Turanci, da tambarinsu muke kiransu. Akwai mai shuɗin harafi, wadda ke zuwa a cikin kwamfuta tun daga kanti. Ita ce ta daraktoci da duk wanda ke ganin in ya taɓa wani abu injin zai fashe a tuhume shi. Akwai mai dila, wani jan dila da ya kanannaɗe duniya. Sai mai jan zobe, wadda mutum ɗaya tak yake bi a duk ma'aikatar.

Ni 'yar dila ce, kuma ba mai kunya ba. Dila tana barin mutum ya yi mata kwalliya yadda ya ga dama, ni kuwa na ga dama sosai. Na sa mata riga ruwan hoda mai furanni. Na liƙa mata ƙare-ƙare iri-iri: wani yana toshe talla, wani yana kiran sallah, wani yana gaya mini ko ana ruwa a Abuja, alhali teburina a jikin taga yake. Abin da na fi taƙama da shi shi ne a taga guda zan jera shafuka da yawa, in yi ta tsalle daga wannan zuwa wancan, in Darakta ya shigo in koma kan na aiki da dannawa ɗaya. Duk wanda ya zo aron sitefula teburina sai ya sha wa'azin dila kafin ya fita.

Maigidana ɗan shuɗin harafi ne. A wata hukuma yake aiki, kuma aƙidarsa a kan kwamfuta ɗaya ce: abin da Bature ya ɗora, shi ya san dalili. Duk abin da kwamfutar ta tambaye shi ya yarda ko bai yarda ba, sai ya danna ya yarda, saboda tarbiyya. Da haka tarkace suka yi ta hawa saman burauzarsa layi bisa layi, har wurin karatun da ya rage masa bai fi faɗin tafin hannu ba. In na yi magana ya ce shi hakan ya saba.

Mutumin jan zobe kuwa injiniyan da ke kula da kwamfutocinmu ne, wani Bayarabe mai digiri biyu da baki uku, kowa Oga Injiniya yake ce masa. Hausarsa a kasuwannin Abuja ya koye ta, mace da namiji duk kai ne a wurinsa.

"Hajiya, kai ba ka san abu ba," haka yake ce mini. "Wannan dila naka yana cin memori kamar akuya. Zo ka ga zobe, zo ka ga aiki."

Wata rana ya tsare ni dole sai na ga abubuwan al'ajabin zobensa. Ya nuna mini yadda take kumbura shafi gaba ɗaya. Ya nuna mini yadda take cire hotuna da launuka ta bar rubutu tsirara. Daga ƙarshe, da alfahari kamar shi ya ƙera ta, ya danna wani abu shafin ya tsuke ya koma siriri a tsakiyar allo, wai don mutum ya ga yadda zai fito a wayar hannu. Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce gwamnati ta saya maka allo kamar faranti, kai kuma ka zauna kana mayar da shi waya, wannan in ba butulci ba mene ne. Ya yi fushi, ya yi mako bai gyara mini firinta ba.

Ana cikin wannan yaƙi Baba ya zo.

Mahaifina tsohon hedimasta ne, irin waɗanda ko sun yi ritaya gari bai daina shakkarsu ba. Mutane masu furfura suna gyara tsayuwa in ya doso. Tun kafin a haife ni, kowace la'asar yana zama a ƙofar gida ya karanta wa majalisa jarida. Ta Hausa ya karanta ta yadda take, ta Turanci ya fassara nan take, ya haɗa da sharhin da ba wanda ya roƙa. Mutanen unguwarmu ba su san duniya ba sai yadda Baba ya tace musu ita. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kama sunana ba, Uwata yake cewa, ko da faɗa zai yi mini, kuma yawanci faɗan ne.

Ido ne ya kawo shi. Shi dai cewa ya yi ya zo duba mu, kuma masu jarida sun lalace, sun koma buga rubutu ƙanana don rowar takarda. Da ƙyar na kai shi asibiti. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cinsa, abin da ya tafi ba zai dawo ba, wanda ya rage kuma sai dai a riƙa ɗiga magani ana jan lokaci. Baba ya saurara har ƙarshe, ya gyara wa likitan Turanci a wuri ɗaya, muka fito.

A Kurudu muke zaune lokacin, cikin ƙananan gidajen nan masu kama ɗaya. Gabanmu gonar rogo, bayanmu wani yana gini ba ya gamawa. Sai na riƙa kwaso jaridun ofis in na tashi, in zauna in karanta masa. Ban san na jawo wa kaina jarrabawa ba ce.

"Uwata, ke da wa kike tsere?"

In na rage gudu ya ce, "Barci kike ji?"

In na wuce wani wuri ya ɗaga hannu. "Koma. Na tabbata akwai waƙafi a nan, kin haɗiye shi."

Mace mai digiri, mai mataki a gwamnatin tarayya, ana sa ta maimaita sakin layi a gaban mijinta. Ni ma ba haƙuri ne ya ishe ni ba, jininsa ne a jikina. Muka yi ta kai ruwa rana. Ran nan na ɗauko jarida na zauna, sai ya ce, "Bar shi. Ba komai a ciki." Washegari ma haka. Ya koma zama a kujerar roba yana fuskantar gonar rogo, ba ya gyara wa kowa komai. Maigidana ya yi kuskuren Turanci a gabansa da gangan, don gwaji, Baba bai ko motsa ba.

Wannan ne ya tsorata ni. Baba mai faɗa na san yadda zan yi da shi, Baba mai shiru ban taɓa gani ba. Da na matsa masa da tambaya, bai juyo ba ya ce, "Mutumin da ake karanta wa, Uwata, saura a fara ba shi abinci a baki." Na shiga ɗaki na zauna bakin gado. Na gane ba labari yake so ba. So yake ya karanta da idonsa, ko layi ɗaya ne, kuma in ban samo masa hanya ba, a kujerar nan zan zuba ido ya ƙare.

Ofis sun ba mu kwamfutar tafi-da-gidanka, mu 'yan matakinmu, tare da wani ɗan modem da ba ya kama intanet sai an ɗora shi a taga an lallashe shi. Jaridu kuma sun fara sa labaransu a intanet. Na ce to, takarda ba ta girma, amma rubutun kwamfuta yana girma. Ga inda iliminmu na musu zai yi rana.

Maigidana ya ce a fara da tasa burauzar, shi ne babba a gida. Na bar shi don in more kallo. Shuɗin harafi tana da 'yan matakan girman rubutu, daga ƙarami zuwa wanda ta kira mafi girma. Ya zaɓi mafi girma. Rubutun ya ɗan yi ƙiba kamar wanda ya warke daga zazzaɓi, shi ke nan. A shafin wata jaridar ma ko gezau bai yi ba. Baba ya kusantar da fuska har hancinsa na neman taɓa allo, sai wata ƙaramar taga ta faɗo tana walƙiya ja da rawaya.

"Mene ne ke ƙyalƙyali?"

"Wai an taya ka murna, Baba," in ji maigidana. "Wai ka ci gasa."

"Wace gasa na shiga?"

Kafin a rufe wannan wasu biyu sun faɗo. Baba ya ja da baya ya ce a kai abin nan nesa da shi, shi bai zo Abuja caca ba.

Sai na gyara ɗaurin ɗankwali na buɗe dila. Talla dai ta toshe su tsaf, na kalli maigidana na ɗaga gira. Na fara ƙara girman rubutu, yana ƙaruwa, yana ƙaruwa, ba iyaka. Amma rubutun kaɗai ke girma, gidajen da aka zuba shi ba sa girma. Sai kanun labari ya hau kan labari, labarin wasanni ya shiga cikin na majalisar dokoki, kalmomi suka cakuɗe. Ga farin allon yana dukan idon Baba, hawaye na zubo masa, ga furannina ruwan hoda a sama suna ta annuri. Na ce a yi mini haƙuri, akwai ƙarin da zai gyara wannan. Na sauko da ɗaya, na sauko da wani, dila ta yi nauyi ta fara tafiyar mai ciki. Muna zaune muna jiranta, rana tsaka, sai kwamfutar ta kwarma kiran sallah. Ashe tun da na liƙa abin nan ban taɓa gaya masa garin da nake ba, a ofis kuma sautin a kashe yake.

Baba ya karkata kunne. "Wane gari ne wannan da suke magariba yanzu?"

Maigidana ya fita waje da sauri wai zai duba mota. Ina jiyo dariyarsa daga bayan gida.

Na kwana biyu ina jan ƙafa, don na san inda maganar ta nufa. Ranar Litinin na haɗiye girman kaina na gangara ofishin Oga Injiniya. Na tarar da shi yana cin gyaɗa a gaban kwamfutoci uku da aka farke.

"Oga, zobenka nake so ka sa mini."

Ya ajiye gyaɗar. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. "Sake faɗa, Hajiya, ban ji ba. Kunne na yana da matsala."

"Ka ji."

"Dila ya mutu? Eyya. Yaushe za a yi jana'iza?" Ya leƙa ƙofa yana neman shaidu. "Abeg, ku zo ku ji! Hajiya ya tuba!"

Na bari ya gama rawarsa, sannan na gaya masa don wa nake so. Nan take ya rufe ƙofar. Bai ƙara tsokana ba. Ya sa mini ita, ya sake nuna mini inda ake kumbura shafi da inda ake juya launi, allo ya koma baƙi rubutu fari. Da zan fita ya ce, "Ka gaida Baba. Allah ya ba shi lafiya." Sai da na kai bakin bene ya ɗaga murya ya ƙara da cewa amma dai dila ya mutu.

A gida na zaunar da Baba, na buɗe jarida a jan zobe. Na cire hotuna, na juya launi. Allo ya yi baƙi ƙirin, rubutu ya fito fari tas. Baba ya daina ƙifta ido, hawayen suka tsaya. Na kumbura shafin, komai ya girma tare, ba abin da ya hau kan wani. Ya matso. Leɓɓansa suka motsa.

"Gwam... gwamnati."

Na kusa yin guɗa. Na ce ai shi ke nan, girma ne magani, bari in ƙara masa. Na ƙara. Leɓɓansa suka tsaya. Na sake ƙarawa har kalma guda ta cika allo. Sai na ga yana kai kansa dama yana kai shi hagu kamar ƙadangare a kan katanga, bai furta komai ba. Na ƙara har harafi biyu kawai suka rage, kowanne ya kai tafin hannuna.

"Baba, ko daga Karu ai a hango wannan."

"Ban gani ba."

"Ka ga ƙarami, ka ce ba ka ga babba ba? Baba, don Allah in gardama ce ka bari sai gobe, na gaji."

Raina ya ɓaci da gaske, na ɗauka taurin kai ne irin nasa. Shi ma ransa ya ɓaci. Ya lalubo tsohuwar jarida a kan tebur, ya naɗe ta ta zama bututu siriri, ya miƙo mini.

"Rufe ido ɗaya. Leƙa ta nan."

Na leƙa. Ban ga harafi ba. Wani farin lanƙwasa kawai na gani a cikin baƙi, ko cikin harafin ne ko bayansa, oho. Sai da na yi ta yawo da bututun sama da ƙasa kafin na haɗa shi a kaina na gane ko wane ne.

"Haka nake gani," in ji shi. "Tsakiyar tana nan. Gefe ne ya tafi. Ke kuma kina ta hura mini rubutu kamar balan-balan."

Bai taɓa gaya wa kowa ba. Wataƙila likita ya faɗa, amma ni a lokacin hankalina yana kan kunyar gyaran Turancin da aka yi masa. Na riƙe bututun nan a ido na dubi ɗakin, na ga ƙafar kujera, na ga rabin agogon bango, na ga kunnen Baba. Tausayi ya kama ni.

Sai na tuna abin da na fi yi wa Oga Injiniya dariya a kansa. Na rage girman rubutun ya dawo madaidaici. Na nemo wurin nan na danna, shafin ya tsuke ya zama siririn layi a tsakiyar allo, kalma uku ko huɗu a kowane jere, fari a kan baƙi. Na sake leƙawa ta bututun don in gwada. Jeren ya shiga ciki daidai.

Baba ya gyara zama. Ya yi gyaran murya irin wadda na sani tun ina rarrafe. Ya karanta jere ɗaya, ya sauka na biyu, ya sauka na uku, a hankali da farko, sannan muryar ta kama hanyarta. Ya kai aya ya tsaya. Ina jiran ya ce Alhamdulillahi, ko ya sa mini albarka.

"Wane jahili ne ya rubuta wannan kanun labari?"

Na fashe da kuka da dariya a haɗe. Ban taɓa jin daɗin a zagi ɗan jarida kamar ranar ba.

Madannan kwamfuta sun yi masa yawa, saboda haka na ciro maɓallin tsohuwar riga na manna da gam a kan wanda ke saukar da shafi, na manna ƙwayar wake a kan wanda ke kai mutum shafi na gaba. Da safe kafin in fita sai in jera masa jaridun ranar, in jona kwamfutar da wuta, in tafi. Abin da ya rage nasa ne, maɓalli da wake.

Ba a daɗe ba majalisa ta haɗu a ƙofar gidana, ba tare da an nemi izinina ba. Mai gonar rogon, wani dattijo ɗan Gbagyi, shi ya fara tsayawa. Sai wani Bafulatani da ke kai shanu kasuwa, wanda rugarsu ke bayan unguwa, muna ce masa Baffa. Sai telan bakin layi, da wasu da ban san daga inda suke ɓullowa ba. Su zauna a benci suna fuskantarsa, shi yana kujerar roba, kwamfuta a kan ɗan tebur, bayanta kawai suke gani. Ya karanta, ya fassara, ya yanke hukunci. Ministoci da dama an sauke su a ƙofar gidana ba su sani ba. Sukarina da ganyen shayina suka shiga uku. Baba ya dawo da faɗansa cif, har ya fara gyara wa mai gonar rogo yadda ake shuka rogo.

A ofis ban bar dila ba, kar a ce an ci ni da yaƙi. Na gaya wa Oga Injiniya zobensa na marasa lafiya ne, ya ce ya ji, duk duniya ma asibiti ce. Amma wa'azin ya fita daga raina. In sabon ma'aikaci ya tambaye ni wacce ta fi, sai in ce wa zai yi amfani da ita, kuma me ke damunsa. Su ɗauka rowar ilimi nake. Daga baya wata sabuwa ta fito mai tambarin ƙwallo launi-launi, aka ce ta fi kowa gudu, matasan ofis suka koma kanta, musu ya tashi sabo fil. Na riƙa jinsu daga teburina ina shan shayi.

Haka muka ci rani, damina ta shigo. Ina ɗiga masa magani safe da yamma, in na tambaye shi ido ya ce lafiya lau, ni ce dai nake ramewa.

Wata la'asar na dawo a gajiye, cunkoson hanyar Karu ya gama da ni. Tun daga bakin layi nake jin muryarsa. Na shiga ta ƙofar baya, na tarar babu wuta, firiji har ya huce, alamar tun safe aka ɗauke. Na ɗauko kwalbar maganinsa na fito ta bayansa. Yana cikin karanta musu cewa wani minista ya yi alkawarin wutar lantarki za ta wadata kafin ƙarshen shekara, kuma an kafa kwamiti. Tela ya yi tsaki. Baba ya danna maɓallin rigar, ya ci gaba, da waƙafinsa da ayarsa, ba gargada.

Na dubi allon. Baƙi ne, kamar kullum. Sai dai babu farin. Batir ya daɗe da mutuwa, ko ɗan hasken gefe babu.

Na tsaya da kwalba a hannu. Yatsansa ya sake danna maɓallin. Ya sauka da idonsa kamar mai bin jere, ya ce an yi taro a kan farashin taki, manoma sun koka. Sai na tuna 'yar rediyon da ya sa maigidana ya sayo masa kwanakin baya, wai don jin wa'azi, wadda yake kullewa a ɗaki da ita da hantsi. A can yake haddace labaran, ya fito da la'asar ya karanta su daga allo. Tun yaushe, ban sani ba, har yau ban sani ba. Wataƙila tun rubutun yana nan fari tas a gabansa. Ba wanda ya lura, don labaran ƙasar nan ko daga ka aka faɗe su ba sa sauya kama.

Baffa ya miƙe daga benci. "Malam, taki ɗin nan, sun sa hoton buhun? Bari in gani, kar a sayar mini da na bogi."

Ya taho zai zagayo. Ban san lokacin da na sha gabansa ba.

"Baffa, wannan ba ta nuna hoto, ni na cire su da hannuna. Koma ka zauna, za ka tare masa haske."

Ya koma yana ba da haƙuri. Baba bai juyo ba. Yanzu ya san ina bayansa, ya kuma san abin da nake kallo. Sannan ya yi gyaran murya ya ƙarasa labarin takin har ƙarshe, ya ba gwamnati shawara uku, ya sallami majalisa. Suka watse suna cewa Allah ya ƙara wa Malam lafiya.

Ya lalubi murfin kwamfutar ya rufe da kansa. Hadari na haɗuwa ta gabas, iska ta fara kaɗa ganyen rogo.

"Wannan zoben naki ya fara tsufa, Uwata," in ji shi. "Rubutunsa ya dushe."

Na ce, "Akwai wata sabuwa da ta fito, Baba, mai ƙwallo. An ce ta fi su duka. Gobe sai in sa Injiniya ya..."

"Ƙyale shi. Ba laifin zoben ba ne."

Tun zuwansa Abuja bai taɓa yarda an riƙe masa hannu ba, ko a matakalar asibiti, ko a bakin kwalbati. Ya dafa kujera ya miƙe, ya tsaya yana sauraron iska. Sannan ya miƙa hannunsa, ta hagu, inda ba kowa. Ni ina dama.

Na zagaya a hankali, ba tare da takalmina ya yi ƙara ba, na tsaya inda hannun yake, na kama shi muka shiga gida.